Me ya sa maganin feshi ke daina kashe ciyawa a gonar shinkafa?

Kwana goma bayan feshi ne manomin shinkafa kan san ko kuɗinsa sun yi aiki. Idan ya zagaya fangali ya ga ciyawa ta ƙone ta kwanta, shinkafa kuma tana tsaye kore shar, sai hankalinsa ya kwanta. Idan kuwa ya tarar da wasu tsirarun ciyayi tsaye ƙyam a tsakiyar waɗanda suka mutu, kamar ba a taɓa zuba musu komai ba, abu biyu ne ke fara zuwa ransa: ko dai an sayar masa da jabu, ko kuma yaron da ya goya injin feshin ya yi ha'inci.

Sau da yawa zargin nasa kan zama gaskiya. Amma akwai dalili na uku da ba a cika kawo shi a hirar bakin gona ba, alhali shi ne ya fi tsada idan ya kafu. Ciyawar da kanta tana iya zama mai bijire wa maganin, ta yadda ko na asali ne, ko an fesa shi daidai, ba zai taɓa ta ba.

Maganar ta zo a lokacin da manomin shinkafa a Najeriya ba shi da rarar da zai yi asara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin ban-ruwa da taki da maganin feshi suka tashi, domin sinadaran maganin daga waje ake shigo da su. Ladan masu cirar ciyawa da hannu ma ya hau. Sannan a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, daga baya kuma farashin shanshera ya sauko. Kayan aiki da tsada, amfanin gona da araha. A irin wannan hali, feshin da bai ci ba yana nufin a sake sayen wata kwalbar, a sake biyan mai feshi, shinkafa kuma ta yi mako biyu tana kokawa da ciyawa a kan takin da aka saya da tsada.

Asarar ba ƙarama ba ce. Wani nazari da masana biyu, Jonne Rodenburg da David Johnson, suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa ciyawa na janyo asarar aƙalla tan miliyan 2.2 na shinkafa a kowace shekara a ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Abin da ya faru a Arkansas

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke ɓullewa, sai ya dubi jihar Arkansas ta Amurka, wadda ke noma kusan rabin shinkafar ƙasar. Manomanta suna da jiragen feshi, da jami'a mai bincike a kusa da su, da maganin da ba jabu ba. Duk da haka ciyawa guda ɗaya ta yi shekara sama da 30 tana cinye musu magani ɗaya bayan ɗaya.

Ciyawar ita ce wadda masana ke kira Echinochloa. Duk manomin fadama ya san danginta ko da bai san wannan suna ba: ita ce mai kama da shinkafa sak tun tana ƙarama, har mai cira ya wuce ta bai gane ba, sai ta girma ta zarce shinkafar tsawo ta fitar da kai. Hanyar gane ta tun da wuri ita ce a duba inda ganye ya haɗu da kara. Shinkafa tana da wani ɗan siririn harshe a wurin da 'yan kunnuwa biyu masu gashi. Ita wannan ciyawa wurin sumul yake, babu ko ɗaya.

A farkon shekarun 1960 ne maganin propanil ya shigo gonakin Arkansas, ya kuma zama abin mamaki: a fesa shi a kan shinkafa da ciyawa tare, ciyawa ta ƙone, shinkafa ta tsira. Sirrin shi ne ganyen shinkafa na da wani sinadari da ke wargaza maganin kafin ya yi ɓarna, ita kuwa ciyawar nata kaɗan ne. Manoma suka rungume shi. Kusan kowace gona, kowace shekara, wani lokacin sau biyu a shuka ɗaya, har kusan shekara 30.

A 1990 aka tabbatar da ciyawar da propanil ba ya kashewa a gundumar Poinsett. Da aka bincika, sai aka ga ba wata dabara ba ce sabuwa: sinadarin nan da shinkafa ke kare kanta da shi ne ya yi ƙarfi a jikin ciyawar.

Sai aka koma wa wani maganin, quinclorac, wanda ya shigo a 1992. Shi bai kai shekara 10 ba, a 1999 aka samu wadda ta bijire masa. Aka koma clomazone, wanda ake fesawa a ƙasa kafin ciyawa ta fito, wajen 2008 shi ma aka samu inda ya gaza. Dangin magungunan da ake kira ALS, waɗanda suka yi tashe bayan 2002, su ma ba su daɗe ba. A 2018 kamfanin Corteva ya fito da Loyant, aka yi ta murna an samu mafita ga ciyawar da ta gagari sauran. Tun a shekarar farko aka fara kai ƙorafi daga wasu gonaki, bincike kuma ya tabbatar akwai ciyawar da ba ya kashewa. A yau akwai gonaki a jihar da ciyawa ɗaya ta bijire wa dangin magani uku ko fiye.

A lura da tazarar. Na farko ya yi kusan shekara 30, na biyu shekara 7, na ƙarshe ko shekara bai rufa ba a wasu wuraren.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A Kosta Rika da Kolombiya, tun ƙarshen shekarun 1980 aka samu Echinochloa colona mai bijire wa propanil, kuma wannan nau'in shi ne ɗaya daga cikin manyan ciyayin gonakin shinkafa a Afirka ta Yamma. Manoman Kosta Rika sun koma wa fenoxaprop, a tsakiyar shekarun 1990 shi ma ya fara gazawa. A Kalifoniya kuwa, maganin bensulfuron da ya shigo a 1989 bai yi shekara 5 ba dangin jiji da wasu ciyayin ruwa suka fi ƙarfinsa.

Abin da ya sa labarin ya shafi Kura da Bunkure da Auyo da Argungu, da gonakin ban-ruwa na bakin kogin Kwara a Nijar, shi ne magungunan da ke kan kantar masu sayar da kayan gona a waɗannan wurare su ne dai waɗancan: propanil da aka haɗa da 2,4-D, da bispyribac, da butachlor. Ciyawar ma danginta ɗaya.

Magani ba ya koya wa ciyawa komai

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar. Ba wai ciyawa tana sabawa da magani ba ne kamar yadda jiki ke sabawa da sanyi. A cikin miliyoyin irin ciyawa da ke kwance a ƙasar gona, tun asali akwai 'yan ƙalilan da aka halitta da wani bambanci da ke sa maganin bai kama su. Feshi yana kashe sauran ya bar su. Ya share musu fili, ya bar musu rana da taki da ruwa. Tushe ɗaya na wannan ciyawa yana zubar da dubban iri. Baɗi a sake fesa magani iri ɗaya, 'ya'yansu su sake tsira. Shekara ta farko tushe biyar ne a lungun fangali, ba wanda zai kula. Kafin a farga sun zama rabin gona.

Ma'ana, yawan maimaita magani ɗaya shi ne ke ƙayyade saurin abin. A nan ne manomin da ke shuka shinkafa rani da damina a fili guda yake cikin haɗari fiye da na Arkansas, wanda sau ɗaya yake shuka a shekara, kuma da yawansu kan sa waken suya a tsakani. Shuka biyu a shekara, feshi biyu a kowace shuka, zaɓe huɗu ke nan ake yi wa ciyawa cikin wata 12.

Sunan kwalba daban, dangin magani daban

Idan magani ya ƙi ci, abin da manomi kan yi shi ne ya koma kanti ya ce a ba shi wani. Mai kanti ya miƙo kwalba mai wani suna da wani launi, daga wani kamfani. Sau da yawa abin da ke ciki ɗaya ne da na jiya, ko kuma ɗan'uwansa ne na jini.

Abin dubawa shi ne sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban suna. Masana sun kasa magungunan ciyawa dangi-dangi bisa inda kowanne ke bugun tsiro, kowane dangi da lambarsa.

Propanil yana rukuni na 5. Yana hana ganye sarrafa hasken rana, kuma inda ya taɓa kawai yake ƙonawa, ba ya bin jiki ya gangara saiwa.

2,4-D yana rukuni na 4. Yana kashe masu faɗin ganye, yana taɓa dangin jiji da aya-aya, amma ba ruwansa da ciyawa mai siririn ganye. Wannan na da muhimmanci: kwalbar da aka haɗa propanil da 2,4-D magani biyu ne a ido, amma ga ciyawa mai kama da shinkafa magani ɗaya ne tak ke aiki a kanta.

Bispyribac, da penoxsulam, da bensulfuron, da pyrazosulfuron duk rukuni na 2 ne, wato dangin ALS. Suna da daɗin aiki, 'yan mililita kaɗan ke isar tanki, amma a duk duniya su ne dangin da ciyawa ta fi saurin bijirewa. Wanda ya bar ɗaya ya koma ɗaya a cikinsu bai sauya komai ba.

Cyhalofop da fenoxaprop rukuni na 1 ne, masu siririn ganye kaɗai suke kashewa.

Sai na ƙasa, waɗanda ake fesawa kafin ciyawa ta tsiro: butachlor da pretilachlor a rukuni na 15, pendimethalin a na 3, oxadiazon a na 14.

Sauya magani na gaskiya shi ne a tsallaka daga lamba zuwa wata lamba. A Amurka da Ostireliya ana buga lambar ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Inda ba a buga ba, sunan sinadarin ne kawai madogara, shi kuma galibi da Turanci yake, da baƙaƙen da sai an matso da ido.

Kafin a ce ta bijire

Ba kowace ciyawar da ta tsira ce mai bijirewa ba, kuma gaggawar yanke wannan hukunci na iya sa manomi ya watsar da maganin da ke da sauran amfani. Gonar da kanta tana ba da shaida.

Idan ciyawa iri-iri ce ta tsira, harkiya da tuji da jiji da masu faɗin ganye duk suna nan, to matsalar daga feshin ne ko daga kwalbar: jabu, ko wanda ya lalace a rana, ko an tsinka shi da ruwa fiye da kima, ko ruwan sama ya wanke shi. Idan waɗanda suka tsira sun bi layi-layi, mai feshi ne ya tsallake. Idan manya ne suka rayu ƙanana suka mutu, an makara.

Alamar bijirewa daban take. Nau'i ɗaya ne ke tsira, wanda a da maganin ke kashewa. Za a ga mai rai kore shar a gefen 'yar'uwarta da ta mutu, girmansu ɗaya. Tana farawa ne a dunƙule a wuri guda, kuma kowace shuka wurin na ƙara faɗi. Idan aka haɗa da tarihin shekaru ana fesa abu ɗaya, zargi ya yi ƙarfi.

Akwai kuma rashin haƙuri. Propanil yana nuna aikinsa cikin 'yan kwanaki. Bispyribac ba haka yake ba: ciyawa na daina girma da wuri, amma sai ta yi mako biyu zuwa uku kafin ta bushe. Manomin da ya saba ganin ƙuna nan take yana iya cewa bai ci ba, ya sake fesawa a banza.

Ganye uku

Mafi yawan nasarar maganin bayan tsiro a kan lokaci take. Propanil ya fi cin ciyawa tana da ganye ɗaya zuwa uku, iyaka huɗu. Da zarar ta fara 'ya'ya, sai ya ƙona ganyen sama, ta sake tohowa daga gindi. A shinkafar yafi, wannan lokaci kan faɗo ne cikin mako na biyu zuwa na uku bayan fitowa, lokacin da gona ba ta nuna alamar tana da matsala ba ga mai kallo daga kan kunya.

A nan ne talauci ke shiga maganar. Manomi da yawa ba ya sayen magani sai ya ga ciyawa ta rufe shinkafa, ko dai domin kuɗin ba su zo ba sai lokacin, ko domin yana jiran duk ta gama fitowa ya yi feshi ɗaya ya huta. Lissafin yana da ma'ana ga aljihu, amma shi ne ke sa a fesa wa babbar ciyawa maganin da aka auna domin ƙarama. Kwana 30 zuwa 45 na farko su ne lokacin da ciyawa ta fi yi wa shinkafa illa, don haka ko feshin makara ya ci, an riga an yi asarar.

Ruwa shi ne rabin aikin. Ana janye shi daga fangali kafin feshi domin maganin ya samu ganyen ciyawa, sannan a mayar da shi bayan kwana ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da takardar maganin ta ce, a riƙe shi. Propanil ba ya zama a ƙasa. Idan aka bar fangali a bushe bayan feshi, sabon tsiro zai fito cikin mako guda, manomi ya ɗauka tsohuwar ce ta tashi. Ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10 yana danne yawancin irin wannan ciyawa kafin ya tsiro.

To amma ruwa ba kyauta ba ne ga wanda ke jan sa da injin mai shan fetur, kamar yadda ake yi a fadamun Kebbi da Jigawa. Tsadar mai ta sa ana ba gona ruwa daidai wanda zai hana ta bushewa, ba wanda zai kwanta ba. Ƙasa mai danshi marar ruwa kwance kuwa ita ce abin da ciyawar nan ke so. Abin da aka rage a kuɗin mai sai ya dawo a kuɗin magani. Fangalin da ba a daidaita shi ba ma haka: tudun cikinsa ne matattarar ciyawa.

Yanayi na da nasa tasirin. Ciyawar da ƙishi ya kama, ko wadda sanyin hunturu ya tsayar da girmanta, ba ta shan magani sosai, abin da ya shafi masu shukar rani ta farko a watan Janairu. A tsananin zafin Maris da Afrilu kuma, feshin tsakar rana yana iya ƙona shinkafar kanta.

Gwangwanin madara

A gonaki da dama ma'aunin magani gwangwanin madara ne ko murfin kwalba, kuma kowa da adadinsa a tanki. Takardar magani kuwa da hekta take magana. Misali, idan ta ce lita 4 a hekta, mai feshi kuma yana zuba ruwa lita 200 a hekta da tanki mai cin lita 16, tanki 12 da rabi ke nan, kowanne zai ci mililita 320. Mai saurin tafiya da ke gama hektar da tanki 8, idan ya zuba wannan adadin, bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ake bukata ba. Wanda ake biya bisa yawan filin da ya gama kuwa yana da dalilin yin sauri.

Rage magani domin kwalba ta kai ba ƙaramin haɗari ba ne. A 2005 wasu masana biyu a Jami'ar Yammacin Ostireliya, Paul Neve da Stephen Powles, sun gwada fesa wa wata ciyawar gonar alkama magani ƙasa da ƙa'ida, suna tattara irin waɗanda suka tsira suna sake shukawa. Cikin zuriya uku suka samu ciyawar da ko cikakken awo ba ya kashewa. Rabin awo yana barin masu ɗan ƙarfi-ƙarfi su rayu su haɗa jini, ƙarfin ya taru a 'ya'yansu. Wannan nau'in bijirewa, inda ciyawa ke narkar da magani a jikinta, shi ne mafi muni, domin yakan shafi har maganin da ba a taɓa fesa mata ba. Jabun magani mai ɗan sinadari kaɗan a ciki aikin da yake yi ke nan a ɓoye.

Ninka awo ma ba mafita ba ne. Idan ciyawa ta riga ta bijire, ƙarin gwangwani biyu shinkafar zai ƙona da aljihun mai gona.

Bakin injin feshi ma abin dubawa ne. Mai baza ruwa a shimfiɗe kamar mafici shi ne na ciyawa. Mai fitar da shi a zagaye kamar hazo na ƙwari ne, iska kuma na kwasar sa.

Abin da ba a haɗawa

Domin rage wahala, wasu kan zuba maganin ciyawa da na ƙwari a tanki ɗaya. Da propanil wannan ganganci ne. Magungunan ƙwari irin su dichlorvos da chlorpyrifos da carbaryl suna kashe sinadarin nan da shinkafa ke kare kanta da shi, sai ta ƙone tare da ciyawar. Shi ya sa takardun propanil ke gargaɗin a bar tazarar kusan mako biyu tsakaninsu, kafin ko bayan feshi.

Haka nan zuba 2,4-D a kan cyhalofop ko fenoxaprop yana rage musu ƙarfi a kan ciyawa mai siririn ganye. Gara a raba su da 'yan kwanaki. Shi kansa 2,4-D yana da lokacinsa a jikin shinkafa: bayan ta yi 'ya'ya sosai, kafin ta fara ɗaukar ciki. A wuri irin Kadawa, inda fangalin shinkafa ke maƙwabtaka da na tumatir, iska kaɗan ta isa ta kai shi gonar maƙwabci ta murɗe masa ganye, a wayi gari ana shari'a a gaban mai unguwa.

Haɗin da ke rage bijirewa shi ne na magani biyu daga dangi daban, kowannensu yana iya kashe ciyawar shi kaɗai, kowanne kuma a cikakken awonsa.

Shinkafar daji

Akwai ciyawar da maganin bayan tsiro na yau da kullum ba ya iya zaɓe ta, wato shinkafar daji da ke fitowa a fadamun Afirka ta Yamma, da jar shinkafa mai kakkaɓewa kafin girbi. Jininsu ɗaya da shinkafar gida, abin da zai kashe su zai kashe ta.

A Amurka an nemi mafita da irin Clearfield, wanda ya shiga kasuwa a 2002, shinkafar da ke jure maganin imazethapyr. Aka fesa, jar shinkafa ta mutu, ta gida ta tsira. Sai dai 'yan tsirarun da suka kuɓuta sun yi barbara da ta gidan, suka gaji juriyar. Malesiya ta karɓi tsarin a 2010, cikin 'yan shekaru ta ga irin wannan sakamako. Duk ranar da aka kawo wa manoman nan tallan irin da ke tafiya da maganinsa, wannan tarihi ne abin tambaya a kai.

Inda suka koma

Abin da masana a Jami'ar Arkansas, irin su Jason Norsworthy, suka daɗe suna faɗa wa manomansu shi ne a daina ɗora wa feshin bayan tsiro dukkan nauyi. A fara da gona mai tsabta, a sa maganin ƙasa tun wajen shuka, a ƙara wani kafin na farko ya sake, a kai ga ruwa da wuri. Feshin bayan tsiro ya zama na share 'yan kaɗan da suka kuɓuta. Dalilin lissafi ne: maganin da ya tarar da ciyawa ɗari bai kai wanda ya tarar da dubu ɗari yiwuwar haɗuwa da mai bijirewa ba.

A wannan fage ƙaramin manomi yana da abin da babban manomin Amurka ba shi da shi. Dashe yana ba shinkafa ratar mako biyu zuwa uku a kan ciyawa, yana kuma ba da damar riƙe ruwa da wuri, dashen layi kuma yana sa a iya shiga da fartanya. Wanda ke da ruwa a hannu yana iya jiƙa fili kafin shuka, ya bar ciyawa ta fito, ya kashe ta da haro, sannan ya shuka. Sa alkama ko albasa ko masara a rani maimakon shinkafa a kan shinkafa yana karya zagayen. Iri mai tsabta ma haka, domin irin da aka ɗebo daga buhun bara yakan zo da 'ya'yan ciyawar bara.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Irin ciyawa yana bin ruwan kwata daga fangali zuwa fangali, yana kuma maƙalewa a injin girbi na haya da ke fita daga wannan gona ya shiga waccan. A tsarin ban-ruwa da ɗaruruwan manoma ke sha daga magudana ɗaya, mai bijirewar da ta kafu a gonar mutum ɗaya ta kowa ce. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da suke zama a kan rabon ruwa da yashe kwata, su ne wurin da ya dace a tsayar da maganar sauya dangin magani da share bakin magudana kafin ciyawa ta zuba iri.

A Arkansas da Kalifoniya manomi na iya tattara irin ciyawar da ya zarga ya aika, a shuka shi a ɗakin gwaji, a fesa masa magunguna daban-daban, a faɗa masa wanda ke ci kafin shuka ta gaba. Aikin bai wuce tukwane da ƙasa da ma'aikaci mai lura ba, bai fi ƙarfin cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba idan an ba su kuɗin yi. Hukumar NAFDAC, da ke yi wa magungunan rajista, tana da ikon cewa a buga lambar dangi da girma a jikin kowace kwalba, tare da awon tanki da Hausa. Masu kanti kuwa, da su ne malaman gona na zahiri a ƙauyuka da yawa, su ne suka fi bukatar sanin lambobin nan.

Jiran sabon magani ba dabara ba ce. Kamfanin FMC na Amurka ya fito da tetflupyrolimet domin ciyawar shinkafa, yana kuma tallata shi a matsayin sabon dangi na farko cikin shekara sama da 30. Tazarar da ke tsakanin sabon dangi da wani ke nan, kuma idan ya iso, da dala za a saye shi.

Kafin nan, aikin da ya fi kowanne arha yana zuwa ne mako biyu zuwa uku bayan feshi, lokacin da waɗanda suka tsira ba su wuce a ƙirga su ba. A shiga a tumɓuke su kafin su fitar da kai, a fitar da su daga gonar gaba ɗaya. Idan aka yar da su a kan kunya mai danshi suna iya sake kamawa, waɗanda suka riga suka fitar da kai kuma irinsu na iya ƙarasa nuna a nan, ruwa ya mayar da shi cikin fangali.